Wat 5000 a jikin kwali: abin da ke ƙona lasifikun falo

Daga Yamai zuwa Maradi da Damagaram, kayan sauti sun shiga sahun abin da ake ƙawata falo da shi, kuma suna cikin tsarabar da ƴan uwa mazauna ƙetare ke aikowa gida. Sai dai wasu ba sa daɗewa. Ana cikin kallon fim ko ƙwallo, an ƙure murya, sai siririn sautin ya ɗauke, magana ta koma kamar daga cikin tulu take fitowa. Mai kayan yakan ce amfilifaya ce ta fi ƙarfin lasifika. Sau da yawa akasin haka ne, amfilifayar ce ta yi kaɗan.

Matsalar tana farawa tun daga kwali. Lambar da aka buga da manyan haruffa, wat 3000 ko 5000, galibi tana tare da haruffan PMPO, ma'aunin da ba shi da wata ƙa'ida ɗaya, kowane kamfani da yadda yake lissafa nasa. Lambar da za a dogara da ita ita ce wadda ke tare da RMS, wato ƙarfin da na'ura ke iya bayarwa a kai a kai ba tare da ta gaza ba. Rikicin tsoho ne, domin tun a 1974 hukumar kula da kasuwanci ta Amurka ta kafa doka kan yadda za a riƙa bayyana ƙarfin amfilifaya. Idan babu RMS a jiki, a duba baya inda aka rubuta wutar da na'urar ke ci. Wadda ke jan wat 60 daga bango ba ta da inda za ta samo 5000.

Kunne kuma ba ya lissafi irin na kasuwa. Ninka wat sau biyu desibel 3 kawai yake ƙarawa, ɗan ƙari ne da ake ji amma bai kai a zo a gani ba. Kafin mutum ya ji sauti ya ninka, sai an ninka ƙarfin kusan sau goma. Saboda haka bambancin amfilifaya mai wat 80 da mai wat 100 bai kai desibel ɗaya ba, duk da bambancin farashi.

To mene ne amfanin ƙarfin da ya wuce buƙata? Sautin fim ba a miƙe yake ba. A ma'aunin gidajen silima, ana saita sauti a desibel 85, a bar rarar desibel 20 domin harbin bindiga, fashewar abu ko dukan ganga. Desibel 20 kuwa na nufin ƙarfi ninki 100. A ɗauki lasifika mai ba da desibel 88 da wat ɗaya a nisan mita ɗaya. Wanda ke zaune a mita uku zai rasa kusan desibel 9, ko da yake bangon ɗaki na mayar masa da wani abu. Hirar ƴan fim a desibel 75 ba ta cin ko wat ɗaya. Amma da zarar mota ta fashe a allo, amfilifaya za ta buƙaci wat 40 zuwa 50 cikin ƙiftawar ido. Mai son ainihin ƙarar silima a kujerar nan tasa yana neman sama da wat 400, kuma maƙwabta za su riga shi sanin haka.

Idan amfilifaya ba ta da wannan rara, takan yanke kan sautin, kamar mawaƙin da ya ɗaga murya fiye da maƙogwaronsa har ta dushe. Wannan gurɓataccen sauti yana tura zafi mai yawa cikin ƙaramar lasifikar da ke fitar da siririyar murya, zaren tagullar cikinta kuwa siriri ne ƙwarai, nan da nan yake ƙonewa. Alamar a fili take: sauti ya fara kaushi yana sukar kunne. Babbar amfilifaya ma tana kashe lasifika idan aka ƙure ta, amma wadda RMS ɗinta ya yi daidai da na lasifika, ko ya ɗara shi da rabi, ta fi zama lafiya a hannun mai lura.

Akwai kuma om, wanda ake rubutawa a bayan lasifika, yawanci 4, 6 ko 8. Mai om 4 tana jan wuta ninki biyu na mai 8. Haɗa lasifika biyu masu om 8 a baki ɗaya, waya kan waya, yana mayar da su 4, kuma ana yawan yin haka ranar suna ko biki. Amfilifayar da ba a ƙera ta don haka ba za ta ɗau zafi ta mutu, balle a watan Afrilu da Mayu da zafi ke haura digiri 40, ga ƙurar da ta toshe ramukan shan iska, ga ta a kulle cikin kabad.

Lasifikar rugugi mai amfilifayarta a ciki tana rage wannan nauyi sosai. Idan aka saita ta karɓi duk sautin da ke ƙasa da haz 80, sauran lasifikun sun huta da aikin da ya fi cin ƙarfi. Haka nan lasifika mai desibel 91 rabin wat ɗin mai 88 take buƙata, amma da wuya mai saye ya tambayi wannan lamba.

Masu aiko da kaya daga waje suna da nasu abin dubawa. Na'urar da aka saya a Faransa ko Beljiyam tana dacewa da wutar Nijar mai bolt 220. Wadda aka saya a Amurka ko Kanada ta bolt 120 ce, kuma in ba mai karɓar duka biyu ba ce, jona ta kai tsaye ya isa ya ƙona ta tun kafin a ji muryarta. Tana buƙatar taransifoma mai rage wuta, wanda ƙarfinsa ya ɗara wat ɗin da aka rubuta a bayanta.