Sinadarin garkuwar jikin shanu da ake haɗawa a ɗakin gwaji: mene ne amfaninsa ga makiyayi?

A kasuwannin dabbobi na yankin Mallawa, Dungas da Magarya, har zuwa Maigatari a tsallaken iyaka, ana sayen sa ne da ido: a dubi tozo, a dubi haƙora, a taɓa fata. Amma akwai cutar da ido ba ya kamawa. Saniya na iya ɗauke da tarin fuka shekaru tana kiwo tana ba da nono, kuma ƙwayar cutar, Mycobacterium bovis, na shiga jikin mutum ta madarar da ba a dafa ba.

To, yaya ake gane ta? Amsar na cikin jinin dabbar. Idan cuta ta shiga jiki, fararen ƙwayoyin jini kan fitar da wasu sinadarai masu kai saƙo, su kira sauran dakarun jiki zuwa yaƙi. Ɗaya daga cikinsu shi ne intaferon, wanda Alick Isaacs da Jean Lindenmann suka gano a Landan a 1957. Nau'insa da ake kira gamma shi ne ke tashi idan jiki ya haɗu da tarin fuka.

Matsalar ita ce jiki ɗan kaɗan yake fitarwa, kuma na mutum ba ya maye gurbin na sa. Tun 1973 masana a Amurka suka nuna ana iya ɗauko ƙwayar halittar gado daga wani jiki a dasa ta cikin bakteriya. Haka ake yi a nan: a ɗauko umurnin da jikin sa ke bi wajen ƙera sinadarin, a saka cikin bakteriya ko yis, a rene su cikin tulu, su yi ta fitar da shi, sannan a tace a busar. Da wannan dabara ake yin insulin na masu ciwon suga tun 1982.

Aikin sinadarin kamar na tiya ne a kasuwar hatsi. Idan babu ma'aunin da kowa ya yarda da shi, ciniki ba ya yiwuwa. A gwajin da aka ƙirƙiro a Ostireliya, ana ɗibar jinin saniya, a zuba masa wani sashe na ƙwayar tarin fuka, a bar shi ya kwana. Idan saniyar ta taɓa haɗuwa da cutar, jininta zai fitar da intaferon gamma. Wanda aka haɗa a ɗakin gwaji shi ne ake gwada sakamakon da shi, don a tabbata kayan aikin ba su yi ƙarya ba.

Tsohon gwajin fata na buƙatar likitan dabbobi ya yi allura, ya dawo bayan awa 72 ya duba kumburi. Ga garken da ke tafiya neman ciyawa, kwana uku ba wasa ba ne. Gwajin jini sau ɗaya ake kama dabba. Sai dai jinin dole ya isa ɗakin gwaji cikin awoyi kaɗan, ƙwayoyinsa na da rai, kuma kayan gwajin na son sanyi da lantarki marar yankewa. Wannan ne babban cikas ga ƙauyukan da ke nesa da Damagaram.

Cibiyoyi irin su ILRI a Nairobi na amfani da waɗannan sinadarai wajen binciken abin da ya sa shanun N'Dama ke jure sammore fiye da wasu. Cibiyoyi kamar LABOCEL a Yamai da ta Vom a Najeriya kuma na samar da alluran rigakafi.

Abin lura: waɗannan sinadarai na bincike ne, ba magani ba ne, ba a sayar da su don yi wa dabba allura. Makiyayi ya kai dabbar da ke rama ko tari wurin ma'aikatan kiwo, uwar gida kuma ta tafasa madara kafin yara su sha.