Allon ado na gefen bahon wanka

Allon ado na gefen bahon wanka wani shafi ne na roba, katako ko leda mai kauri da ake rufe gefen bahon wanka da shi, domin a ɓoye ƙafafun bahon da bututun ruwan da ke ƙarƙashinsa. Wani nau'insa yana zuwa da gam a bayansa: ana ɓare takardar da ta rufe gam ɗin, a manna shi a kan tsohon allo ko a jikin bahon, ba tare da kusa ko siminti ba. An fi amfani da irin wannan allo a Birtaniya da wasu ƙasashen Turai, inda galibi ake sayar da baho daban, allon gefensa daban. Allon mannawa kamannin baho kawai yake canzawa. Ba ya toshe yoyo, ba ya ƙara wa baho ƙarfi, kuma idan aka manna shi ta yadda ba za a iya buɗe ƙarƙashin bahon ba, yakan ɓoye ɓarnar da ruwa ke yi har ta yi nisa.

Asalin suna

Kalmar baho aro ce daga kalmar Turanci bath. Hausa ba ta da sautin da ke ƙarshen wannan kalma, kuma yawancin kalmominta da wasali suke ƙarewa, shi ya sa kalmar ta sauya siffa a bakin Hausawa. A Hausar yau da kullum baho yana nufin babbar roba ko kwanon da ake wanki ko yi wa jariri wanka a ciki. Bahon da ake nufi a nan shi ne dogon da ake girkewa a banɗaki, wanda babba zai iya miƙe ƙafa a cikinsa, mai famfo da hanyar fitar ruwa. A Amurka da Japan ana kiran gefen nan na baho da kalmar da ke nufin gyauton da mai girki ke ɗaurawa a gabansa, saboda shi ma gaba kawai yake rufewa.

Tarihi

Bahon wanka daɗaɗɗen abu ne. An tono na yumɓu a fadar Knossos da ke tsibirin Kirit na ƙasar Girka, wanda ya haura shekara 3,000. Amma rufe gefensa ya zama ruwan dare ne bayan da aka fara jawo ruwan famfo cikin gidaje a Turai da Amurka a ƙarni na 19. A gidajen masu hali na wancan lokaci, ana kewaye bahon ƙarfe da katako mai tsada, ya yi kama da sauran kayan ɗaki. Katakon yana shan ruwa, ya ruɓe, ya tara ƙwari, don haka zuwa ƙarshen ƙarnin aka koma ga baho mai ƙafa huɗu da ke tsaye a fili, wanda ake iya share ƙarƙashinsa.

A shekarar 1883 John Michael Kohler, mai masana'antar zubin ƙarfe a garin Sheboygan na jihar Wisconsin a Amurka, ya shafe wani komin ƙarfe na dabbobi da rufin tangaran, irin wanda ke jikin tsofaffin kwanukan jere, ya sa masa ƙafafu, ya sayar da shi a matsayin bahon wanka. A 1911 kamfaninsa ya fito da bahon da ake jinginawa da bango, wanda aka zuba shi tare da gefensa a haɗe. Wannan tsari ne ya kafu a Amurka har yau.

A Birtaniya abin ya bi wata hanya. An ci gaba da ƙera baho ba tare da gefe ba, ana rufe shi da allo bayan an girke. Daga shekarun 1960 bahon roba na akirilik ya fara maye gurbin na ƙarfe. Ana dumama shafin robar ne a zuƙe shi cikin ma'auni, sannan a ƙarfafa bayansa da zaren gilashi da katako, a ɗora shi a kan ƙafafun ƙarfe. Bayan nasa kaushi gare shi, ba shi da kyan gani, shi ya sa allon gefe ya zama dole.

Shafin mannawa kuwa ya samo asali ne daga wasu ƙirƙire-ƙirƙire biyu. A 1926 Waldo Semon na kamfanin B.F. Goodrich ya gano hanyar tausasa robar PVC ta yadda za ta lanƙwashe ba ta karye ba. A 1935 R. Stanton Avery ya fara sayar da takardar lakabi mai manne kanta a birnin Los Angeles. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka haɗa dabarun biyu, aka samu ledar ado mai gam da ake sayarwa a naɗe, kamar Con-Tact a Amurka, Fablon a Birtaniya da d-c-fix a Jamus.

Ire-ire

Akwai nau'i huɗu da aka fi samu a kasuwa.

Na farko shi ne ledar PVC mai laushi da ake sayarwa a naɗe, wadda aka buga wa zanen katako, dutsen mabul ko launi ɗaya. Ita ce mafi araha, amma saboda rashin kaurinta duk wani tudu ko kwari da ke ƙarƙashinta yana bayyana.

Na biyu shi ne ƙananan shafuka masu kama da tayil, waɗanda ake jerawa ɗaya kusa da ɗaya. Sun fi leda kauri, sai dai kowace mahaɗa tsakanin shafi da shafi ƙofa ce da ruwa zai iya bi.

Na uku shi ne allo mai tauri na PVC, akirilik ko alminiyom da aka haɗa da roba. Ana yanka shi daidai girman gefen baho, a manna shi da tef mai gam fuska biyu ko da gam na kwalba. Shi ya fi daɗewa, kuma ya fi wahalar cirewa.

Na huɗu shi ne shafi mai taushi kamar soso, mai zanen bulo ko dutse da ya taso. Yana ɓoye kaushin wuri, amma yana saurin yagewa, datti yana maƙalewa a lungunansa, kuma yana kama wuta da sauƙi.

Ban da waɗannan, akwai allunan da ake maƙalawa da maganaɗisu ko da maƙallan roba. Su ba su dogara da gam ba, ana cire su a mayar ba tare da an lalata komai ba.

Girma da awo

Bahon da aka fi girkewa a Birtaniya tsawonsa santimita 170 ne, faɗinsa 70, don haka ake yin allon gaba mai tsawon 170 da na ƙarshe mai 70. Akwai kuma masu tsawon 150, 160 da 180. Tsayin allon yakan ɗan haura santimita 50, kuma wasu suna zuwa da wani siririn falle a ƙasa da ake ɗagawa ko saukewa idan daɓen bai daidaita ba. A Amurka bahon da aka saba da shi inci 60 ne a tsawo, wato kusan santimita 152.

Wannan awo yana da muhimmanci ga mai sayen leda. A Turai ana yawan sayar da ita da faɗin santimita 45, 67.5 ko 90. Mai faɗin 45 ba ta kai tsayin yawancin alluna ba, sai an yi mata haɗi, alhali mai faɗin 67.5 tana rufe allon gaba ɗaya da falle guda.

Yadda gam ɗin ke aiki

Gam ɗin da ke bayan waɗannan shafuka ba ya bushewa kamar na kafinta. A kullum yana nan da ɗanko, kuma dannawa ce ke sa shi ya malala cikin ƙananan ramukan da ido ba ya gani a jikin abin da aka manna shi. Saboda haka duk abin da ya shiga tsakani, kamar kumfar sabulu da ta bushe, maiƙo, ƙura ko ragowar silikon, yana hana shi kamawa. Ƙarfin kamun yana ƙaruwa a hankali, yakan ɗauki kwana ɗaya zuwa uku kafin ya kai maƙura. Sanyi yana sa gam ɗin ya ƙage, shi ya sa masu ƙera irin wannan gam kan hana mannawa idan ma'aunin zafi ya yi ƙasa da digiri 10 na Salshiyos. Zafi mai yawa kuma yana narkar da shi, wanda shi ne dalilin da ya sa ake hura wa leda iskar na'urar busar da gashi idan za a ɓare ta.

Yadda ake mannawa

Ana fara duba tsohon allon. Idan na katakon MDF ne kuma gindinsa ya kumbura, alama ce ta cewa ya sha ruwa, kuma canzawa yake buƙata, ba rufewa ba. Idan lafiyarsa ƙalau, ana wanke shi, a goge da sifirit, a bar shi ya bushe sarai. Ya fi sauƙi a ciro allon a shimfiɗe shi a ƙasa, domin a samu damar lanƙwasa bakin ledar zuwa bayansa, inda ruwa ba zai samu bakin da zai ɗaga ba.

Ana yanka ledar da ɗan rara a kowane gefe. Sai a ɓare takardar baya kaɗan-kaɗan, ana bi ana lailayewa daga tsakiya zuwa baki da wani abu mai faɗi da laushi don fitar da iska. Idan iska ta maƙale ta yi ƙullutu, ana huda wurin da allura a danne. A ƙarshe a datse rarar da reza, a mayar da allon, a bar shi aƙalla kwana ɗaya kafin ruwa ko tururi ya taɓa shi.

Amfani

Babban dalilin da ya sa ake sayen allon mannawa shi ne araha da sauƙin aiki, domin mutum zai iya yi da kansa cikin awa ɗaya ko biyu ba tare da ya kira ma'aikaci ba. Allon roba fari yakan koma ruwan ɗorawa bayan shekaru, kuma rufe shi ya fi canza baho arha nesa ba kusa ba. Masu zaman haya ma suna son sa saboda ana iya ɓarewa. Sai dai ba kullum yake fita salin alin ba: yakan bar ɗanko ko ya ɗebo fenti. A Ingila da Wales, inda tun 2007 doka ta tilasta a ajiye kuɗin ajiyar ɗan haya a wani tsari da hukuma ta amince da shi, mai gida yana iya neman a cire kuɗin gyaran irin wannan ɓarna daga ciki.

Matsaloli da haɗura

Ƙarƙashin baho ne mahaɗar bututun ruwan zafi da na sanyi, da bututun fitar ruwa, da lanƙwasasshen bututun da ke riƙe ɗan ruwa don hana warin kwata dawowa ɗaki. Duk waɗannan suna iya yoyo. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, don haka baho cike da ruwa da mutum a ciki yakan ɗan nutsa, a hankali ya tsage silikon ɗin da ke tsakaninsa da bango. A gidajen Birtaniya da yawa banɗaki a bene yake, a kan daɓen katako. Yoyon da ba a gani ba yana ruɓar da katakon, ya kawo fumfuna, wani lokaci sai silin ɗakin ƙasa ya yi tabo kafin a farga. Saboda haka masu aikin famfo ke son allon da za a iya cirewa, kuma shafin da aka manna a kan kawunan kusoshi ko aka haɗe allo da daɓe da shi yana tilasta a yaga shi ranar da gyara ya taso.

Haɗari na biyu shi ne asbestos. Hukumar kula da lafiya da kariya a wuraren aiki ta Birtaniya ta lissafa allon gefen baho cikin wuraren da ake iya samun sa a tsofaffin gidaje. Ƙasar ta haramta nau'i biyu na asbestos a 1985, ta kammala haramta shi baki ɗaya a 1999, don haka duk ginin da aka yi kafin 2000 abin zargi ne. Goge irin wannan allo da samfefa, ko huda shi, ko karya shi wajen cirewa, yana sakin ƙurar da ke haddasa cututtukan huhu da sankara shekaru masu yawa bayan an shaƙa.

Na uku shi ne lantarki. Baho mai feso ruwa yana da injin a ƙarƙashinsa. A ƙa'idar haɗa wayoyi ta Birtaniya, BS 7671, ana ɗaukar ƙarƙashin baho a matsayin wuri mai tsauraran sharuɗɗa, sai fa idan ba a iya buɗe shi sai da kayan aiki. Ke nan musanya allon da aka ɗaure da noti da wanda hannu kawai ke ɓallewa yana iya canza matsayin wurin a ƙa'ida.

Bambanci tsakanin ƙasashe

A Amurka, tun da gefen a haɗe yake da baho, kai tsaye ake manna shafi a jikinsa, kuma ana kaiwa ga bututu ta wata ƙaramar ƙofa a bayan bango. A Jamus ana yawan ɗora bahon ƙarfe a cikin mazaunin soso mai tauri, a lulluɓe shi da tayil, a bar wata kafa ta dubawa. A Rasha an saba da allo mai ƙofofi masu zamewa, ana ajiye sabulu da bokiti a bayansa. A Japan, inda banɗakin da ake ƙerawa a masana'anta a zo a haɗa ya yaɗu bayan an yi amfani da shi a otal ɗin New Otani na Tokyo a 1964, gefen baho da yawa yana ciruwa, kuma wanke fumfunar da ke taruwa a bayansa sana'a ce da kamfanonin shara ke yi. A arewacin Najeriya da kudancin Nijar, inda wanka da bokiti ko shawa ya fi yawa, an fi ganin dogon baho a otal-otal da manyan gidaje, kuma sau da yawa da bulo da tayil ake rufe gefensa, abin da ke sa sai an fasa kafin a kai ga bututu.

Duba kuma

Bahon wanka
Banɗaki
Tayil
Asbestos
Robar PVC