Takarda na jira, yaro na girma

A watan Satumba na 2013, gwamnatin Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango ta dakatar da bayar da izinin fita ga yaran da baƙi suka ɗauka riƙo, bisa fargabar abin da ke samunsu a ƙetare. Ɗaruruwan iyalai a Amurka, Faransa, Italiya da Beljiyam suka shiga tsaka mai wuya: kotu ta riga ta ba su yaran, amma hukumar shige da fice ta hana yaran tafiya. Wasu suka riƙa aika kuɗin abinci da magani duk wata, wasu suka tare a Kinshasa kusa da yaransu, da dama kuma suka duƙufa da addu'a a majami'u. Sai a 2016 aka sallami akasarin yaran.

Ni dai ban ga laifin ƙasar da ta tsaya bincike ba, domin safarar yara gaskiya ce. Sai dai shekara kusan uku ba wasa ba ce a rayuwar maraya. Babba mai imani yakan yi haƙurin dafa dutse har ya sha romonsa. Yaro kuwa ƙuruciyarsa wucewa take yi, ko an sa hannu a takarda ko ba a sa ba. Duk jami'in da takardun maraya ke kan teburinsa, ya ji tsoron Allah ya tuna da haka.