Shin Ko Kun San? Tafiyar Kwanaki a Duwatsun Sahyadri

Shin ko kun san cewa gabas da Mumbai, birnin da ake shirya finafinan Indiya da muke kallo, akwai jerin duwatsu da ake kira Sahyadri, ko Western Ghats, masu tsawon kusan kilomita 1,600? Sun girme wa Himalaya nesa ba kusa ba. Matasan Mumbai da Pune sukan ɗauki guzuri su yi kwanaki a cikinsu a ƙafa, daga mashigi zuwa ganuwa, daga ganuwa zuwa kurmi. Amma hanyoyin da suke bi ba don yawon shaƙatawa aka sare su ba. Fatake da mayaƙa ne suka fara taka su, shi ya sa kusan kowane babban mashigi za ka tarar da ganuwa a bisa dutse tana gadinsa.

Shin ko kun san cewa a mashigin Naneghat, wanda ya haɗa tashar jiragen ruwa ta Kalyan da garin Junnar tun zamanin daular Satavahana, har yau akwai wata ƙatuwar randar dutse a gefen hanya? An ce a cikinta fatake ke zuba kuɗin fito. Kusa da ita akwai kogo mai rubutu a bango, wanda ya haura shekara 2,000, ana danganta shi da wata sarauniya mai suna Naganika. Lambobin da ke cikin rubutun, masana tarihin lissafi suna sa su cikin kakannin alƙaluman da muke ƙirga da su yau.

Ganuwa ba ta tsayuwa sai da ruwa. Abu na farko da maginan ke yi shi ne sassaƙe tafkuna a jikin dutsen domin tare ruwan damina. Da yawansu suna nan da ruwansu, kuma kusa da su matafiya ke yada zango, su kwana a kogo ko a tsohon wurin bauta, kamar yadda ake yi a Harishchandragad.

Shin ko kun san cewa Shivaji, wanda ya kafa daular Maratha, yana da shekara 16 kacal ya kama ganuwar Torna a 1646? An haife shi a wata ganuwar, Shivneri, a 1630, an naɗa shi sarauta a Raigad a 1674, a can kuma ya rasu a 1680. Daga haihuwa har mutuwa yana bisa dutse. A Yulin 2025 UNESCO ta sa ganuwoyin Maratha 12 cikin kayan tarihin duniya.

Hanyar da ta fi ɗaukar hankalina ita ce ta Panhala zuwa Vishalgad. A 1660 rundunar sarkin Bijapur ta kewaye Shivaji a Panhala wata da watanni. Wani dare cikin Yuli, ana tsuga ruwa, ya sulale. Tarihin baka ya ce wani wanzami, Shiva Kashid, ya yi shigar Shivaji aka kama shi a madadinsa, ya kuwa biya da ransa. Da aka gane dabarar aka bi sawu, sai Baji Prabhu Deshpande da mutane 'yan ɗaruruwa suka toshe wani matsattsen mashigi, suka yi ta ɗauki-ba-daɗi har Shivaji ya isa Vishalgad. Nan Baji Prabhu ya kwanta dama, wurin kuwa shi ne Pavan Khind na yau. Kowace damina jama'a na sake bin wannan hanya cikin taɓo, yawanci a kwana biyu. Kwamandan da ya yi kewayen fa? Siddi Jauhar, mutum mai tsatson Afirka.

Ba shi kaɗai ba ne. Malik Ambar, wanda aka haifa a Habasha aka sayar da shi bawa, ya zama mai juya masarautar Ahmadnagar, ya hana daular Mughal sakat da yaƙin sari-ka-noƙe har ya rasu a 1626. Kakan Shivaji da mahaifinsa duk sun yi aiki a wannan masarauta. Ganuwar Janjira ta tsakiyar teku kuwa Siddi, masu tsatson Afirka, ne suka riƙe ta, Maratha suka yi ta gwadawa ba su taɓa cin ta ba.

Shin ko kun san an ce da guza aka ci ganuwar Sinhagad a 1670? Wai Tanaji Malusare, kwamandan Shivaji, ya ɗaura mata igiya ta maƙale a dutse, mayaƙa suka hau. Yaƙin gaskiya ne, Tanaji ya mutu a cikinsa, shi ne Ajay Devgn ya fito a matsayinsa a fim ɗin Tanhaji na 2020. Batun guza dai, wanda ya taɓa riƙe wutsiyarta a bakin rami ya san tana da taurin kai, amma ɗaukar ƙato da takobi? A sha da gishiri.

Matakalar ganuwar Harihar a jikin dutse aka sassaƙa ta, a miƙe kamar tsani, da 'yan ramuka na sa hannu. A ganuwoyin Alang da Madan kuwa sai da igiya, domin Turawan Ingila sun farfasa matakalu bayan sun ci Maratha a 1818.

Damina takan kama daga Yuni zuwa Satumba, da hazo, da santsi, da matsattsaku masu shiga takalmi. A Naneghat iska kan yi ƙarfi har ta mayar da ruwan da ke zubowa daga dutse sama. Kurmin Bhimashankar na da wani ƙaton kurege, shekru, wanda in an haɗa da jela yakan kusa mita ɗaya. Damisa kuma, a yankin Junnar, cikin gonakin rake take haihuwa.

Idan yunwa ta kai ka ƙauyen gindin dutse, abin da za a miƙo maka shi ne bhakri, gurasar dawa ko gero, da miyar garin wake mai yaji da ɗanyar albasa. Dawa da gero duk daga Afirka suka je Indiya dubban shekaru da suka wuce, geron ma a Sahel aka fara noma shi, mafi tsufan shaidarsa daga arewacin Mali take.