Fari: Juyin Shekaru Ne, Ko Kuwa Duniya Ce Ta Sake?

Ya ku manoma da dagatai, ga bayani a kan wata gardama da ba ta ƙarewa a zaurukanku. Idan ruwa ya ɗauke, ganyen gero ya soma nannaɗewa, sai ku ji dattijo ya ce ai ba yau aka fara ba, shekaru ne ke juyawa, wata ta ƙoshi, wata ta yunwa. Ɗansa kuwa da ya yi makaranta ya ce a'a, sauyin yanayi ne, hayaƙin injuna ne ya ɓata sama.

To, dattijon nan bai yi ƙarya ba. An yi yunwar Kakalaba a 1913 zuwa 1914, tun ba a cika ganin mota a ƙasar Hausa ba. A shekarun 1950 ruwa ya wadata, har mutane suka yi ta yankan gonaki can arewa, inda dā sai makiyaya. Daga 1968 ya soma ja da baya, fari ya tsananta a 1973, ya kuma komo a 1984. Tafkin Chadi, wanda faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 25,000 a 1963, ya ƙafe har ya koma wajen kashi ɗaya cikin goma.

A lokacin nan talaka aka ɗora wa laifi, aka ce saran itace da yawan kiwo suka kori hadari. Daga baya masana suka gane abin ya fi ƙarfin gatari. Ruwan da kuke samu iska ce ke ɗauko shi daga tekun Atlantika. In sashen tekun na arewa ya yi sanyi, na kudu ya yi ɗumi, sai hadari ya kasa hawowa gare ku. Teku yakan yi wannan juyi don kansa, amma hayaƙin masana'antun Turai da Amurka na wancan zamani ya tare hasken rana, ya daɗa sanyaya sashen arewa. Kun ga ashe ko a farin 1973 akwai hannun ɗan Adam, sai dai ba na mai fartanya ba.

Ga kuma inda yaron ya fi uban gaskiya. Saboda ƙona kwal da man fetur, duniya ta ƙara ɗumi fiye da digiri 1. Tun shekarun 1990 ruwa ya ɗan komo, amma ba da halinsa na dā ba. Maimakon marka mai shiga ƙasa a hankali, sai a sheƙa shi dare ɗaya kamar da bakin ƙwarya, ya kwashe taki ya bi kwazazzabo, sa'an nan a yi mako biyu ko ɗigo babu. Zafi kuma na shanye laimar ƙasa da sauri. Watau inci 30 na yau ba ya aikin inci 30 na kakanninku.

Saboda haka wanda muke ji wa tsoro shi ne mai cewa juyi ne, bari ya zauna ya wuce. Mutanen Maraɗi da Damagaram ba su zauna ba. Tun shekarun 1980 suka bar tone kututture a gona, suka riƙa rage toho suna barin mai ƙarfi ya girma, har itatuwa suka komo a wajen hekta miliyan 5. Gawo ya fi yi musu rana, don da damina yakan zubar da ganyensa, ba ya hana gero haske, ga kuma taki a gindinsa.

Ku ma ku bar gawo ya tashi, ku riƙa yin huɗa a gicciyen gangare don kunya ta tsai da ruwa. Ku nemi iri mai saurin nuna wurin malamin gona, kada kuwa ku zuba shi duka a ruwan farko. Ku dagatai, in kaka ta yi, ku ja kunnen magidanta kada araha ta sa su kwashe rumbu zuwa kasuwa. Kowa ya ware dammunan iri da na cin bazara tukuna.