Mai Jego Tana Mura: A Raba Ta da Jaririnta?

Akwai tambayar da kan tayar da gardama a ɗakin mai jego, musamman da hunturu: mace ta haihu tana fama da tari da zazzaɓi, shin a ɗauke jaririn daga gefenta har ta warware? Amsar ita ce a'a, sai fa in ciwon ya kwantar da ita har ba ta iya riƙe shi.

Ƙwayoyin bairos masu kama hanyar numfashi, irin su infuluwenza da korona, da wuya su ratsa mabiyiya su isa ga ɗan da ke ciki. Illar takan biyo ta jikin uwar ne. Idan ciki ya tsufa yakan tokare huhu, don haka murar da wata za ta shanye a tsaye tana iya kayar da mai ciki, iska ta yi mata ƙaranci, naƙuda ta taso kafin lokaci. A watanni uku na ƙarshe ne kuwa yawancin garkuwar uwa ke tsallakawa zuwa jinin ɗanta, wato bakwaini tafiya ce ta kama shi bai gama ɗaure guzuri ba. Bayan haihuwa kuma cutar ta tari da atishawa da hannu take bi. Nono ba hanyarta ba ce.

Wani zai ce, to ai shi ya sa rabawar ta fi hankali. An gwada. A farkon korona, a 2020, asibitoci a Sin da Amurka sun riƙa raba jarirai da iyaye mata masu cutar, amma kafin ƙarshen watan Yulin shekarar ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta janye wannan shawara. A Maris na 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙiyasin cewa ɗora bakwaini da ƙananan jarirai a ƙirjin uwa, fata da fata, zai iya ceton rayuka har 125,000, alhali waɗanda korona za ta kashe ba za su kai 2,000 ba. Jaririn da aka ɗauke sanyi na iya kama shi, ga shi ya rasa dakashi, wannan nonon farko mai kauri, ruwan ɗorawa, da har yanzu wasu ke matsewa su zubar wai ƙazanta ne. A cikinsa ne jikin uwar ke zuba garkuwa daga ainihin cutar da take fama da ita. Abin da ake so shi ne ta rufe hanci da baki da takunkumi, ta wanke hannu da sabulu kafin ta ɗauke shi. In jiki ya yi tsanani, a tatso nonon a ba shi da kofi.

Abin mamaki, masu cewa a nisanta uwar ba su cika waiwayar 'yan barka ba. Daga ranar haihuwa zuwa suna ɗaki cike yake, taga a rufe, turaren wuta na tashi, jariri na yawo daga hannu zuwa hannu, wannan ta sumbace shi, waccan tana jan majina. Cutar RSV, wadda ga babba ƴar mura ce kawai, tana kashe yara ƙasa da shekara biyar kimanin 100,000 duk shekara, kusan rabinsu ba su kai wata shida ba. Allurar infuluwenza kuma ba a yi wa jariri sai ya cika wata shida, saboda haka uwa ake yi wa tun da ciki. Binciken da aka buga a 2008 daga Bangaladash ya nuna hakan ya rage infuluwenza a jarirai da kashi 63 cikin 100.

Don haka iyayenmu kakanni da ungozomomi, mai mura ta yi barka daga bakin ƙofa. Idan kuma jariri ya ƙi kama nono, ko numfashinsa ya haura 60 a minti ɗaya, ko ƙasan haƙarƙarinsa na lotsawa, ko jikinsa ya yi zafi ko sanyi ƙalau, kada a jira arba'in, kada ma a jira gari ya waye. A kai shi asibiti.