Kumburin Furostet Ko Ciwon Daji? Sai An Gwada Akan San Na Ƙwarai

A unguwar Tudun Wada ta birnin Sakkwato, kamar sauran unguwanni, akwai dattawan da fitsari ke tayarwa sau uku ko huɗu kafin asuba, amma kunya ta hana su faɗa wa kowa. Sau da yawa tushen abin wani ƙullutu ne mai girman goro da ke ƙarƙashin mafitsarar kowane namiji, wanda likitoci ke kira furostet. Hanyar fitsari ta tsakiyarsa ta ratsa.

Cuta biyu ce ta fi addabar ƙullutun. Ta farko kumburin tsufa ne, wanda ke samun kimanin rabin mazan da ke tsakanin shekara 51 da 60, kuma ba ya rikiɗewa ya zama daji. Ta biyu ciwon daji ne, wanda a Nijeriya babu dajin da ya kai shi kama maza. Kumburin tsufa daga tsakiya yake farawa, don haka yakan matse hanyar fitsari da wuri. Shi kuwa daji galibi daga gefe yake tsirowa, sai ya daɗe bai nuna alama ba.

Gwajin farko shi ne likita ya sa safar hannu ya taɓa ƙullutun da yatsa ta dubura. Kumburin tsufa sumul yake, daji kuwa yakan yi tauri da gudaji. Gwajin ba shi da tsada, sai dai yatsa ba ya kaiwa ko'ina.

Na biyu gwajin jini ne mai suna PSA, wanda hukumar magunguna ta Amurka ta amince a riƙa neman cutar da shi a 1994. Idan awon ya haura 4 akan zurfafa bincike. To amma kumburin tsufa, da ciwon sanyin mafitsara, da robar fitsari duk suna ɗaga shi, har ma cikin mutum huɗu da awonsu ya ɗan hau, kusan uku ba su da daji.

Hoton duban ɗan tayi yana nuna girman ƙullutun da yawan fitsarin da ke saura a mafitsara, hoton MRI kuma yana nuna wurin da ake zargi. Amma hukuncin ƙarshe sai an tsakuro 'yan tsokoki da allura, galibi 12, an duba su a madubin likita.

Ke nan babu gwaji guda da ya wadatar, kowanne ɗan'uwansa yake cikawa. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo yana da likitocin mafitsara a nan cikin gari. Ya kamata ma'aikacin da ya kai shekara 45 ya nemi shawararsu, musamman idan mahaifinsa ko ɗan'uwansa ya taɓa yin cutar. Ɗalibai kuma su lallashi iyayensu maza su je tun fitsari bai tsaya ba, domin dajin da aka gano da wuri yana jin magani.